Tsakanin Rumbu da Kasuwa



Kowace shekara, da zarar ruwan sama ya ɗauke wajen ƙarshen watan Oktoba, hanyoyin da suka nufi Yola da Jimeta sukan cika da kayan gona. Daga Fufore da Girei da Song, daga Mayo Belwa da Jada da Ganye, manyan motoci da a-kori-kura da babura suna ta jigilar masara da dawa da shinkafa da gyaɗa da wake da doya. A kogin Binuwai kuma kwalekwale ke sauke nasu kayan a gaɓa. Wanda ya tsaya a bakin gadar Jimeta a irin wannan lokaci, ya ga buhunan da ke wucewa, zai ce manoman ƙasar nan sun yi sallama da talauci.

Amma in mutumin nan ya leƙa ƙauyukan da kayan suka fito a watan Yuli ko Agusta, zai sha mamaki. Da yawa daga cikin waɗanda suka ɗora buhunan nan a mota, su ne zai tarar tsugune gaban ma'auni suna awon mudu biyu ko uku na tuwon dare, da kuɗin da ya ɗara wanda suka sayar nesa ba kusa ba. Wani ma ba kuɗinsa ne a hannunsa ba, bashi ya ciwo.

Dalilin shirya wannan jawabi ke nan. Aikin noma ba ya ƙarewa ranar da aka ɗaure dami. Ribar shekara ko hasararta takan tabbata ne a watannin da ke tsakanin kaka da damina, kuma wurare uku ne gumin manomi ya fi zubewa: a bakin mudu, da wajen gaggawar sayarwa, da cikin rumbu. An ɗauki misali da ƙasar Adamawa, amma manomin Sakkwato ko Katsina ko Bauchi zai ga maganar ta shafe shi.

Yadda ciniki ya kafu a bakin Binuwai

Modibbo Adama ne ya kafa Yola a shekarar 1841, ta zama mazaunin Lamiɗo. A 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ƙetare Binuwai ya iso garin, kuma labarin kogin da ya aika Turai ya jawo hankalin 'yan kasuwar Ingila. Kafin ƙarshen ƙarnin, Kamfanin Neja ya riga ya girke wani jirgi a kan ruwa kusa da Yola, ya mai da shi kanti. Bayan Turawa sun ci Yola a 1901, sai Jimeta, wadda ke bakin kogi, ta bunƙasa ta zama tashar jiragen ruwa da cibiyar ciniki. A 'yan watannin da kogi ke cika, jirage kan hauro da gishiri da yadi da kananzir, su koma da gyaɗa da auduga da fatu. Waɗansu sukan zarce har Garwa a ƙasar Kamaru.

A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Gongola, Yola ta zama hedkwatarta, a 1991 kuma aka raba ta gida biyu, watau Adamawa da Taraba. Ma'aikata da ɗalibai da masu sana'a suka yi ta ƙaruwa, bakin da za a ciyar ya yawaita. Yau mota ta gaji jirgi, amma tsarin yana nan yadda yake: ƙauye ya noma, kasuwar mako ta tara, Jimeta ta rarraba.

Akwai canji guda babba da ya kamata a lura da shi. A da hukumomin ciniki na gwamnati ke sayen gyaɗa da auduga. Su ke yanka farashi tun farkon kaka, ana kuma awo da sikeli a tashoshin saye. Tsarin yana da nasa aibi, don sau da yawa kuɗin da ake biyan manomi bai kai darajar kayansa a kasuwar duniya ba, ga kuma 'yan baranda suna cin nasu rabo. A 1986 aka rushe hukumomin. Tun daga nan manomi ne da kasuwa ido da ido, babu mai yanka masa farashi. Sabo da haka sanin kasuwa ya zama wajibi a kansa kamar sanin huɗa da shuka.

Ranar kasuwa a ƙaramin gari

A ɗauki gari irin Ngurore, a kan hanyar Yola zuwa Numan, wanda kasuwarsa ta mako-mako ta yi suna wajen cinikin shanu. Tun da sassafe matan Fulani ke isowa da ƙoren nono da man shanu. Masunta su kawo banda, maƙera su baje fartanya da lauje. Ga mahauta da teloli da masu tuwo, ga 'yan dako da masu gyaran babur da masu cajin waya. Ana ciniki da Hausa da Fillanci, kowace ƙabila kuma tana jin nata harshe a wani gefen kasuwa. Dukan mutanen nan daga aljihun manomi da makiyayi suke ci. In hatsi ya yi daraja a hannun wanda ya noma shi, tela zai sami ɗinki, maƙeri ya sami aiki. In an karɓe shi a wulaƙance, garin duka zai ji a jikinsa har wata kakar.

A kowace kasuwa irin wannan, ɗan sari yakan taro manomi tun kafin ya sauke kaya, ya ce, "Bappa, sannu da hanya. A sauke nan mana, a huta da yawo." In ya taya aka ce albarka, sai ya ƙara kaɗan ya ce, "Bappa, yau kaya sun yi yawa, in rana ta yi ko wannan ba za a samu ba." Dattijon ya tuna kuɗin motar da ya biya, ya san ba zai iya komawa da kaya gida ba, sai ya ce, "To ɗana, Allah ya sa albarka," ya sallama.

Ɗan sarin nan bai yi sata ba, ciniki ya yi. Shi ma yana biyan kuɗin mota da dako da haraji, wani lokaci kuma yakan faɗi. Bambancinsu shi ne, shi ya san nawa buhu ya kwana a Jimeta, dattijon kuwa bai sani ba. A zamanin da kusan kowane gida akwai wayar hannu, bai kamata manomi ya ɗora kaya a mota ba sai ya tambayi mutum biyu ko uku farashin jiya. In kuma ta waya za a biya shi, kada ya saki kaya sai ya tabbatar kuɗin sun shiga asusunsa, don saƙon da ake nuna masa a wayar wani ba shaida ba ne. Ƙarancin takardun naira da aka yi a farkon 2023 ya nuna cewa manomin da ba shi da asusu, shi ya fi karyar da kayansa domin ya riƙe tsabar kuɗi.

Bakin mudu

Mudu suna ne kawai, ba girma ɗaya ne da shi ba. Na wannan kasuwa dabam, na waccan dabam, kuma tiyar Kano ba ita ce mudun Yola ba. A kasuwa guda ma akan sami mai mudu biyu: babba na saye, ƙarami na sayarwa. Wani an bubbuga gindinsa ya lotsa ciki, wani an buɗa bakinsa. Wajen saye a tara hatsi ya yi tozo har a tare da hannu, wajen sayarwa a shafe baki. Haka buhu: ana cewa buhu ɗaya, alhali wani an ɗinka masa baki da ƙyar don tsabar cika, kuɗin kuwa na buhu ɗaya ne.

Lissafin ba wuya. In mudun saye ya fi na gaskiya da kashi ɗaya cikin goma, hatsin da ya kamata ya tashi mudu 110 sai ya tashi 100. Mudu goma sun tafi ba tare da an ambace su a ciniki ba. In an yi wa manomi haka a kowane buhu, aikin kwanaki ne ya yi wa wani kyauta.

Gwamnatin Tarayya ta daɗe da sanin wannan matsala. A ranar 1 ga Janairu 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, a 1974 kuma aka kafa dokar awo, wadda ta ɗora ƙasar a kan kilo da lita da mita. Tsarin mulki ya sa al'amarin awo a hannun Gwamnatin Tarayya, kuma akwai sashen kula da shi a Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki da Zuba Jari. Yin ciniki da ma'aunin ƙarya laifi ne a doka. Musulunci da addinin Kirista duka sun yi kakkausan hani ga tauye awo, don haka babu wanda zai ce bai ji ba.

Maganin abin yana hannun mutanen kasuwa. Sarkin kasuwa da shugabannin ma'auna su zauna su tsayar da mudu guda mai hatimi, a ajiye na gwaji a rumfar sarkin kasuwa, duk mai shakka ya je ya gwada. A yarda a kan awo guda, ko da tozo ko a shafe, saye da sayarwa. Inda hali ya yi, a sayi sikeli na kowa da kowa, a riƙa sayar da buhu da kilo. Shi kuma manomi ya auna kayansa tun a gida, ya san abin da ya ɗauko. Ɗan kasuwar kirki ba abin da zai rasa a nan, don kasuwar da aka san mudunta da gaskiya ita manoma ke tsallake wata su je.

Gaggawar sayarwa

Da kaka kowa ke kai kaya kasuwa a lokaci guda, shi ya sa farashi ke faɗuwa. Ba wauta ce ke sa manomi sayarwa a lokacin ba. Ga bashin taki, ga kuɗin makaranta, ga biki, ga asibiti. Wani ma tun hatsi na tsaye a gona ya cinye kuɗinsa, don ya karɓi bashi da damina a kan zai biya da buhu, irin abin da ake kira falle a waɗansu sassan ƙasar Hausa.

A ɗauka maƙwabta biyu kowa ya sami buhu 20 na masara, kuma kowane gida yana cin buhu 10 a shekara. Na farko ya sayar da 16 da kaka, ya bar 4. Kafin ƙarshen Maris rumbunsa ya yi fayau, tilas ya sayo buhu 6 kafin sabuwa ta nuna. In a ce farashi ya ƙaru da rabi, kuɗin buhu 9 zai kashe ya maido da buhu 6. Ya yar da buhu 3 ke nan, ban da kuɗin mota zuwa da dawowa. Na biyu kuwa ya fara ware buhu 10 na ci, ya sayar da 4 ya biya buƙatun da ba sa jira, sauran 6 ya riƙa fitarwa ɗaya-ɗaya. Gona iri ɗaya, taki iri ɗaya, amma ɗaya ya shiga damina da bashi, ɗaya da kuɗin taki a hannu.

Ƙa'idar ita ce, a fara cire abincin shekara da iri da haƙƙin da addini ya ɗora, sa'an nan a yi maganar kasuwa. Abin da zai taimaka a tsaya a kan ƙa'idar nan shi ne wata hanyar samun kuɗi da rani, kuma ƙasar Adamawa tana da su. A tafkin Geriyo kusa da Jimeta, inda Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama ke da aikin ban-ruwa, ana noman shinkafa da kayan lambu da rani. A filayen baƙar laka akwai masakwa, wadda Fulani ke kira muskuwari: a rene ta a ƙarshen damina, a dasa bayan ruwa ya janye, ta nuna da danshin ƙasa kaɗai, a girbe wajen Janairu ko Fabrairu. Ga kuma turkar rago ko sa da harawa da dusar gida. Wanda ke da ɗaya daga cikin waɗannan ba zai buɗe rumbu don kuɗin sabulu ba.

Cikin rumbu

Ajiya ba ta da amfani in ƙwari za a tara wa abinci. Sharaɗi na farko shi ne bushewa. Masara ba ta ajiyuwa sai danshinta ya sauka zuwa wajen kashi 13 cikin ɗari. Wanda ba shi da na'urar gwaji yana iya gwadawa da kwalba: a sami busasshiyar kwalba, a zuba hatsi da ɗan busasshen gishiri, a rufe a girgiza sosai, a bari ta ɗan jima. In gishiri ya manne a jikin kwalba, da sauran shanya. A yi shanya a kan tamfol ko tabarma ko daɓe, kada a yi a ƙasa ko a gefen kwalta. Masara da gyaɗar da aka ajiye da laima sukan yi fumfuna, fumfunar nan kuma tana haifar da wani dafi da ke lalata hanta, yana tauye girman yara, kuma dafuwa ba ta kashe shi.

Sharaɗi na biyu shi ne kariya daga ƙwari ba tare da an sa wa jama'a guba ba. Waɗansu sukan yayyafa wa wake maganin feshin gona ko na sauro domin ya daɗe. Wannan ganganci ya sha kwantar da iyalai a asibiti, ya kuma zubar da mutuncin kayan ƙasar nan a waje: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya sabo da yawan maganin ƙwarin da aka samu a cikinsa. Ƙwayar nan da ake sakawa a buhu tana fitar da iska mai kisa. Ba a ajiye ta a ɗakin kwana ko kusa da shi, kuma ba a amfani da ita sai da shawarar malamin gona.

Akwai hanyar da ba ta buƙatar magani ko kaɗan, watau buhu mai ninki uku da ake kira PICS. Ledoji biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. A zuba busasshen wake ko masara, a matse iska, a ɗaure kowane ninki dabam. Ƙwarin da ke ciki sukan shanye 'yar iskar da ta rage, su mutu. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da dabarar tare da takwarorinsu na Marwa a arewacin Kamaru, maƙwabtan Adamawa, aka kuma fara yaɗa buhun a Afirka ta Yamma daga 2007. Duro ko jarka mai murfi da ba ta shan iska tana yin aiki iri ɗaya in an cika ta taf. A ɗora buhuna a kan katako, a nisanta su da bango, a tsare su daga ɓera, don huji ɗaya ya isa ya ɓata aikin.

Mazauna bakin Binuwai suna da ƙarin abin lura. Madatsar ruwa ta Lagdo, wadda aka gama a 1982 a Kamaru, tana saman kogin, kuma in ta cika akan saki ruwa. A 2012 da 2022 ambaliya ta cinye gonaki da gidaje da rumbuna a ƙananan hukumomin da ke gaɓar kogin. A kafa rumbu a kan tudu, a ɗaga gindinsa, kuma in hukuma ta yi gargaɗi ta rediyo a kwashe hatsi tun hanya na biyuwa.

Gama kai

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Manomi mai buhu biyar ba shi da bakin magana gaban mai babbar mota, amma mutum talatin masu buhu biyar-biyar suna iya ɗaukar mota su kai Jimeta da kansu, ko su sa mai saye ya zo ƙofar ma'ajiyarsu. Ƙungiyar gama kai tana iya sayen sikeli, ta sari buhunan ajiya da taki, ta kuma yi adashi domin ɗan ƙungiyar da buƙata ta taso wa kada ya faɗa hannun mai falle.

A Jamhuriyar Nijar, tun ƙarshen shekarun 1990, manoma sun gwada wani tsari da taimakon Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Da kaka 'yan ƙungiya kan tara hatsinsu a ma'ajiya guda, a sa kwado biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun mai ba da rance. A ba kowa rancen da bai kai kuɗin hatsinsa ba, ya biya buƙata ko ya ja jari da rani. Bayan wata biyar ko shida ya biya, a buɗe ma'ajiya, ya ɗauki hatsinsa ya ci ko ya sayar. Wanda ke gudun kuɗin ruwa yana iya neman irin wannan tsari ta hanyar asusun ƙungiya, ko bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, waɗanda suka fara aiki a Nijeriya tun 2012. Sharaɗin dai shi ne shugabanni masu amana, da littafin lissafi da ake karantawa a gaban kowa.

Tanadi dabam, ɓoyo dabam

Kada a ɗauki wannan jawabi a kan kira ga ɓoye abinci. Manomin da ya ajiye abin da ya noma domin iyalinsa, yana fitar da rara sannu a hankali, tanadi ya yi, kuma yana taimakon kasuwa, don hatsi ba zai yi ambaliya da kaka ya ɓace da damina ba. Wanda ya kwashe kasuwa ya kulle, yana jiran jama'a su galabaita, shi ne mai ɓoyo, kuma addini da hankali sun la'anci aikinsa.

Har ila yau, a sani cewa farashi ba kullum yake hawa ba. A watan Yuli na 2024 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, kuma a 2025 kuɗin hatsi ya sauka a kasuwannin Arewa, waɗanda suka tara da yawa suna jiran tsada suka tafka hasara. Abincin gida shi ne ajiyar da ba ta faɗuwa, don ko farashi ya hau ko ya sauka, tuwo ɗaya zai yi. Rarar kuwa a raba ta kashi-kashi, kada a jira ranar da ba a san zuwanta ba.

Duk mai neman ƙarin bayani a kan gwajin bushewa, ko buhun ajiya, ko rajistar ƙungiyar gama kai, sai ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa ko sashen aikin gona na ƙaramar hukumarsa. Wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa wanda bai iya ba, tun kafin a fara ɗora buhunan bana a mota.

Allah ya ba da damina mai albarka, da kasuwa mai aminci.